Supa Ne Abincin Waken Suya

Wanda yake son sanin halin da gonarsa ta waken suya take ciki ba sai ya jira kaka ba. Bayan mako shida ko bakwai da shuka, ya ɗauki fartanya ya tono gindi guda tare da ƙasarsa, kada ya fizge don kada saiwa ta tsinke, sannan ya ɗauraye shi a hankali cikin ruwa. Zai ga wasu 'yan ƙullutai manne da saiwar, wasu kamar ƙwayar dawa, wasu sun ɗan ɗara. Sai ya sa farce ya tsaga ɗaya. Idan cikinsa ja-ja ne kamar ɗanyen nama, to shukar tana ɗibar abincinta daga iska ba tare da ya biya ko kwabo ba. Idan kuwa fari ne fat, ko ƙullutan ba su fi biyu ko uku ba, ƙanana kamar gero, to wannan aiki ya tsaya ko bai ma fara ba. Mai gona na iya hangen ganye kore daga bakin hanya ya yi hamdala, alhali yunwa tana cin shukar ta ƙarƙashin ƙasa. A gonakinmu na arewa, daga Kaduna zuwa Kano da kudancin Borno, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan yunwa shi ne ƙarancin wani sinadari da ake kira fosforas, wato ainihin abin da ke cikin takin da manoma suka sani da sunan supa.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manoma, wai waken suya ba ya son taki. Saboda ita wasu kan shuka shi a gonar da ta gaji su bar shi da ruwan sama kawai, wasu kuma in tausayinsa ya kama su sai su watsa masa ragowar yuriyar da ta saura daga masara. Maganar tana da rabin gaskiya, kuma rabin nan ne ya sa ta yi wuyar kankarewa. Gaskiya ne waken suya ba ya neman yuriya kamar yadda masara da shinkafa suke nema, yawanta ma kan sa shi lalaci, ya rage yin ƙullutan nan, ya tafi a ganye. Amma daga nan zuwa cewa ba ya son taki kwata-kwata akwai rata mai faɗi, kuma cikin wannan rata amfaninmu yake zurarewa. Manomin Najeriya yakan tashi da kimanin tan 1 a hekta, buhu 10 ke nan, yayin da takwaransa na Brazil, wanda shi ma ba ya zuba wa waken suya yuriya, yake haura tan 3. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, in za a saya wa waken suya taki to fosforas za a saya, a binne shi ranar shuka kusa da iri, a kuma lissafa ribarsa a kan damina biyu ko uku maimakon guda.

Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitrojin ne, sinadarin nan da ake sayen yuriya dominsa. Yana nan birjik a kan kowace gona, sai dai tsiro ba ya iya cinsa a yadda yake, domin ƙwayoyinsa biyu-biyu suke, a ɗaure tamau. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira raizobiya, su Allah ya hore wa kwance wannan ɗauri. Sukan shiga saiwar dangin wake da gyaɗa, shukar ta gina musu ɗakuna, su ne ƙullutan nan, ta riƙa ciyar da su da sukarin da ganyenta ya haɗa, su kuma su biya ta da naitrojin. Jan launin da ke cikin ƙullutu ɗan'uwa ne ga abin da ke sa jininmu ja, kuma alama ce cewa cinikin yana tafiya. To amma kwance ɗaurin nan aiki ne mai cin ƙarfi ƙwarai. Duk wani abu mai rai, daga ƙwayar cuta har ɗan Adam, yana ajiye ƙarfinsa ya kuma kashe shi ta hanyar wani sinadari da ake taƙaita sunansa da ATP, kowane ɗayansa kuwa yana ɗauke da ƙwayar fosforas uku, kuma kafin a kwance ƙulli guda na naitrojin sai an kashe aƙalla ATP 16. Shi ya sa in fosforas ya yi ƙaranci ƙullutan ba sa yawa, ba sa girma. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tan guda na ƙwayar waken suya yana ɗauke da naitrojin kimanin kilo 60, abin da ke cikin buhun yuriya fiye da biyu da rabi, kuma shukar tana iya samo mafi yawansa daga iska. Fosforas ɗin da ke cikin wannan tan ɗin bai wuce kilo 5 zuwa 6 ba. Rashin wannan ɗan kaɗan ne yake hana a sami wancan mai yawa.

Ƙasarmu kuwa tun asali ba ta da shi da yawa. Tsohuwar ƙasa ce, ruwa da rana sun daɗe suna cin ta, kuma gwaje-gwajen da cibiyar binciken noma ta Samaru da takwarorinta suka yi shekara da shekaru sun sha nuna cewa fosforas ɗin da tsiro zai iya kaiwa gare shi a yawancin gonakin tudu bai kai mizanin da ake buƙata ba. Ga kuma wani bambanci da ya kamata kowa ya riƙe: naitrojin yana da hanyar dawowa daga iska, shi kuwa fosforas ba shi da ita. Daga dutse ya fito, kuma abin da ya bar gona ya tafi ke nan sai in an dawo da shi da hannu. Kowane buhu da aka ɗora a mota zuwa kasuwar Dawanau, ko zuwa masana'antar mai da abincin kaji, ko gidan mai awara, ya tafi da nasa kason. Harawa da kara ma ba a bar su ba, an kwashe don dabbobi da danni da makamashi. A da gona kan huta shekaru, saiwar itatuwa ta zaƙulo abin da ke can ƙasa ta mayar sama, yanzu jama'a sun yi yawa, hutun ya ƙare. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne wannan yunwa ba ta nuna kanta a fili. Ƙarancin naitrojin yakan mayar da ganye rawaya, kowa ya gani ya ruga kasuwa. Ƙarancin fosforas kuwa yakan bar ganyen waken suya da duhun kore, sai dai ƙanana, kara siriri, shukar ta ƙi tashi, fure ya makara, kwanso ya yi kaɗan. A masara dai takan ɗan tona kanta, inda gefen ganyen ƙaramar shuka yake komawa shuni-shuni. Mai gona sai ya ɗora laifin a kan iri ko a kan ruwa.

Ba hasashe ba ne, an gwada a gonakin manoma. A daminar 2011 da ta 2012, shirin N2Africa, wanda Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ta jagoranta tare da cibiyar IITA da abokan aikinsu na gida, ya yi gwaji a gonaki masu yawa a jihohin Kaduna da Kano. Kowane manomi ya raba fili huɗu: ɗaya ba a sa masa komai ba, ɗaya aka sa supa, ɗaya aka shafa wa irinsa garin raizobiya, na huɗu aka haɗa masa duka biyu. Inda ba a sa komai ba an tashi da abin da bai kai tan guda a hekta ba. Supa kaɗai ya ƙara kimanin kilo 450, garin raizobiya kaɗai ya ƙara kusan haka, haɗin biyun kuwa ya ƙara kusan kilo 780. Wato a gonar talaka, da fartanyarsa da ciyawarsa da ruwan da Allah ya ba shi, buhu 10 sun koma kusan 18 ba tare da ƙwayar yuriya ko ɗaya ba. Darajar wannan gwaji a wurina ita ce ba a tashar bincike aka yi shi ba, inda ake lallaɓa shuka kamar jariri, a hannun mutanen da za su yi amfani da sakamakon aka yi shi.

Sai dai wanda ya gamsu ya nufi kasuwa zai tarar da wata matsala, kuma kafin ya gane ta sai ya iya karanta lambobin da ke jikin buhu. Lambobi ukun nan na takin kamfa, na farko naitrojin ne, na tsakiya fosfet, wato ma'aunin fosforas a taki, na ƙarshe fotash, kowanne kashi cikin ɗari. Buhun 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da fosfet kilo 7 da rabi. Buhun 20-10-10 yana ɗauke da kilo 5 kacal, ga naitrojin kilo 10 wanda waken suya bai roƙa ba. Buhun supa na gargajiya yana da kimanin kilo 9, tare da sinadarin farar wuta da na alli waɗanda dangin wake suke so, shi kuwa babban supa da ake kira TSP yana da kilo 23 a buhu, haka ma takin da ake kira DAP. Adadin da aka yi wancan gwaji da shi, fosfet kimanin kilo 45 a hekta, yana nufin buhun supa 5 ko buhun TSP 2. Wanda ya ce da 20-10-10 zai cimma wannan adadi sai ya sayi buhu 9, ya kuma jibga wa gonar naitrojin ɗin da zai kashe wa ƙullutai gwiwa. Abin takaici, supa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne takin zamanin da iyayenmu suka fara sani, domin gyaɗa aka yaɗa shi tun kafin samun 'yancin kai, a zamanin dalar gyaɗa ta Kano, har gwamnatin tarayya ta gina masa masana'anta a Kaduna wadda ta fara aiki a 1976. Yau Najeriya tana da yuriyar da ta ishe ta har tana fitarwa waje, daga kamfanin Indorama na Eleme da na Dangote na Lekki da aka ƙaddamar a 2022, kuma shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016 ya cika kasuwa da 20-10-10, wanda aka fara sayarwa a kan naira 5,500. Duk wannan alheri ne ga masara. Amma mai waken suya da mai gyaɗa da mai wake sukan zagaya shago biyar kafin su sami buhun supa guda.

Babbar hujjar da ake kawowa don kushe wannan taki daga bakin masu ilimi take fitowa. Sukan ce ai ƙasa ce ke cinye shi, shuka ba ta samun fiye da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 na abin da aka zuba a shekarar farko. Lissafin daidai ne. Da zarar ƙwayar supa ta narke, sinadarin ƙarfe da na alminiyam da ke cikin ƙasa mai tsami, ko na alli a ƙasa mai kanwa, sukan kama fosforas su riƙe. Kuskuren yana wajen ɗaukar riƙo a matsayin asara. Yuriyar da aka watsa a kan ƙasa takan tashi ta bi iska, wadda ta narke kuma ruwa ya wanke ta zuwa can ƙasa, in kaka ta yi ba a sake ganinta. Fosforas yana nan inda aka sa shi, ƙasa tana sakinsa kaɗan-kaɗan a daminar da ke tafe da wadda ke bayanta. Tashar bincike ta Rothamsted a Ingila, wadda John Lawes ya kafa a 1843, shekara guda bayan ya yi rajistar hanyar haɗa supa, tana da filayen da aka fi ƙarni ɗaya da rabi ana bin diddiginsu, kuma wani nazari da hukumar abinci ta duniya FAO ta fitar a 2008 ya nuna cewa in aka yi lissafi na shekaru, abin da amfanin gona yake ɗauka na iya kaiwa kashi 90 na abin da ake zubawa. Ƙari a kan haka, ƙasar yashi da ta jigawa irin tamu ba ta da riƙo mai tsanani. Jar ƙasar Serado ta Brazil ta fi tamu tsami da riƙo nesa ba kusa ba, har aka daɗe ana ganin ba ta noma, amma bayan kafa hukumar bincike ta Embrapa a 1973 suka bi ta da farar ƙasa da fosfet da raizobiya har ta zama rumbun waken suya na duniya. Su sai da suka zuba da yawa kafin ƙasa ta ƙoshi ta fara saki. Mu ɗan madaidaici ya ishe mu.

Riƙon nan na ƙasa shi ne kuma yake koyar da yadda ya kamata a sa takin, kuma a nan ne manoma da yawa suke zubar da kuɗinsu. Naitrojin yakan bi ruwa ya je ya sami saiwa, fosforas kuwa ba ya tafiya, abin da yake motsawa a damina guda bai wuce faɗin yatsa ba, saiwa ce take zuwa ta same shi. Saboda haka wanda ya watsa supa a kan ƙasa bayan shuka ta yi wata guda, kamar yadda ake yi wa masara da yuriya, ya ajiye abinci inda mai ci ba zai kai ba, ya kuma kawo shi bayan lokacin da aka fi buƙatarsa ya wuce, domin a makonnin farko ne shuka take kafa saiwa da ƙullutai. Yadda ya dace shi ne a ranar shuka, a ja ɗan layi da bakin fartanya a gefen layin iri, tazarar yatsu uku daga irin, zurfin ma kamar haka, a zuba toka-tokan ƙwayoyin nan a ciki a rufe. Wanda yake huɗa da shanu yana iya zubawa a tsohuwar kwari kafin garma ta rufe, kunya ta tashi a kansa. Tara shi wuri guda yana rage yawan ƙasar da za ta taɓa shi, don haka yana rage abin da za ta riƙe. Manoman gero na Nijar sun tabbatar da wannan tare da masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai: cikin marfin kwalbar lemo na 15-15-15, kimanin giram 6, ko giram 2 na DAP, a kowane rami ranar shuka. Fosforas ɗin da ke cikin wannan bai wuce kilo 4 a hekta ba, amma a wurare da dama gero ya ƙaru da rabi, wani wuri ma ya ninka, domin saiwa ta kafu da wuri ta bi danshi zuwa ƙasa kafin ruwa ya yi tsaiko. A kula dai, DAP da kamfa suna ƙona iri in sun haɗu da shi kai tsaye cikin busasshiyar ƙasa.

Wasu kuma za su ce me ya kai mu ga sayen buhu, ga takin gida. Takin gida abin so ne, yana sa ƙasa riƙe ruwa, yana rage mata riƙon fosforas, kuma da shi gonakin kewayen Kano suka ɗauki ɗaruruwan shekaru ana nomansu ba hutu. Amma kashin shanu da na awaki fosforas ɗinsa kaɗan ne, sai an yi amalanke da yawa kafin a kai abin da ke cikin buhun supa 5, kuma ba kowa ke da garken da zai ba shi wannan ba. Akwai ma wani abin lura da ya fi wannan. Saniya ba ta ƙirƙirar fosforas, abin da ta ci a daji ko a harawa shi take kawowa, kuma dajin da harawar daga ƙasar nan mai ƙarancinsa suka fito. Takin gida yana kwaso shi ne daga gonar nesa zuwa gonar bayan gida, shi ya sa ta bayan gida take kyau ta nesa take ƙara lalacewa. Kashin kajin gidan gona ya fi ƙarfi, kuma wanda ya same shi ya yi amfani da shi. Sai dai a dunƙule, yankin da yake fitar da hatsi da wake zuwa birane kowace shekara dole ne ya shigo da fosforas daga waje, ko ya ci gaba da cin jarinsa.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce ta aljihu, kuma ba daidai ba ne a yi mata amsar wucin gadi. Mai lissafi zai ce, tunda garin raizobiya kaɗai ya ba da ƙarin da supa ya bayar, alhali ɗan ƙunshi ne da kuɗinsa bai kai rubu'in na buhu guda ba, me zai hana a tsaya a kansa? Lalle duk mai shuka waken suya ya nemi wannan gari, irin NoduMax da IITA take haɗawa a Ibadan. Baƙin gari ne mai laushi, a jiƙa iri da ɗan ruwan ƙaro, a barbaɗa, a juya har kowace ƙwaya ta yi baƙi, a shanya a inuwa, a shuka a ranar, domin halittu ne masu rai kuma rana tana kashe su. Ko nau'o'in waken suya na TGx da aka ƙirƙiro don su yi ƙullutu da raizobiyar da ke ƙasarmu sun nuna suna ƙaruwa da shi. Amma garin ba ya kawo fosforas ko ƙwaya guda, yana sa shukar ta ƙara ɗibar wanda ya rage ne kawai. Wanda ya dogara da shi kaɗai zai ji daɗi damina biyu ko uku, sannan gonar ta fara ja da baya. Gaskiya ne kuma cewa a gwajin Kaduna da Kano ba kowa ne ya ci riba da supa ba, bambancin da ke tsakanin gona da gona mai yawa ne. Wanda ya makara da shuka, ko ya bar ciyawa ta rufe shi, ko ya shuka da tazara mai yawa, ko gonarsa ta mutu murus har tana neman fotash da sauran sinadarai, taki ba zai ɗauke masa wannan ba. Haka nan mai noman gonar haya ta shekara guda yana da uzuri in ya yi jinkiri, tunda ajiyar da ya yi a ƙasa wani ne zai ci. Maganin wannan shi ne a riƙa ba da haya ta shekara uku, abin da masu gari da dagatai za su iya ƙarfafawa. Ga mai gonar kansa kuwa lissafin a buɗe yake: ya tambayi kuɗin buhun supa 5 da ƙunshin gari, ya tambayi kuɗin buhun waken suya 7 ko 8 a kasuwar garinsu, sannan ya tuna cewa mafi yawan takin yana nan yana jiran shukar baɗi.

Shukar baɗin nan kuwa masara ce ko dawa, kuma a nan ribar take cika. Masarar da ta biyo waken suya takan fi wadda ta biyo masara, wannan manoman Giwa da Soba da Biu sun gani da idonsu. Ba na son a zuzuta naitrojin ɗin da waken yake bari, domin mafi yawansa yakan tafi cikin ƙwaya, in an kwashe harawa kuma abin da ya rage kaɗan ne. Abin da ya fi tabbas shi ne ragowar fosforas, wanda yake sa masara ta yi saiwar da za ta iya kama yuriyar da aka saya da tsada. A duniya baki ɗaya an ƙiyasta cewa hatsi ba sa cin fiye da kashi ɗaya cikin uku na naitrojin ɗin da ake zuba musu, kuma shukar da fosforas ya gaza mata ta fi kowace barin yuriya ta salwanta. Sai kuma batun wuta-wuta, ko ƙuduji. Masana sun gano cewa in hatsi ya ji ƙarancin fosforas, saiwarsa takan ƙara fitar da wani sinadari don kiran wasu halittun ƙasa masu kama da zare da suke taimaka mata nemo shi. Wannan kira ɗin ne irin wuta-wuta yake ji ya farka. Shi ya sa take addabar gonar da ta gaji ta ƙyale mai ƙarfi. Wasu nau'o'in waken suya, irin su TGx 1448-2E, sukan yaudari irin nata ya tsiro, ya rasa saiwar da zai kama, ya mutu. Don haka damina guda ta waken suya da supa tana rage irin wuta-wuta a ƙasa, tana kuma rage kiran da masarar baɗi za ta yi masa.

Daga ƙasashen Turai da Amurka ana jin wani kuka daban, cewa fosforas ya yi yawa yana gurɓata ruwa, kuma ma'adininsa zai ƙare wata rana. Kukan nasu yana da tushe. A watan Agustan 2014 an hana kusan mutum rabin miliyan a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo na kwana uku, saboda gansakuka mai guba da takin gonaki ya haifar a Tafkin Erie. Amma wannan ciwon ƙoshi ne, na ƙasashen da suka yi shekaru suna zuba fiye da abin da suke ɗiba. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun tarar nahiyar tana amfani da taki kilo 8 kacal a hekta, suka yi alƙawarin kai shi 50 kafin 2015, kuma har yau yawancin ƙasashen ba su kai ba. Binne taki a gefen iri, wanda nake kira a yi, shi ne ma hanyar da ba ta barin ruwa ya kwashe shi zuwa rafi. Abin da ya fi shafar mu a cikin kukan nasu shi ne inda ma'adinin yake. Kusan kashi 70 na dutsen fosfet da aka tabbatar a duniya yana hannun Maroko, kuma duk lokacin da kasuwa ta girgiza mu ne kan gaba wajen shan wuya, kamar a 2008 da farashin dutsen ya ninka sau da yawa cikin watanni, da 2022 da tan ɗin DAP ya haura dala 900. Alhali akwai dutsen fosfet a ƙasar Sakkwato, akwai shi a Tawa cikin Nijar, akwai a Togo da Senegal da Mali da Burkina Faso. Niƙaƙƙen dutsen ba ya narkewa da sauri kamar supa, ya fi aiki a ƙasa mai tsami da isasshen ruwa, amma shi ne ɗanyen kayan da ake yin supa da shi, kuma dangin wake sun fi hatsi iya cin moriyarsa.

Gwamnatocin jihohin da ke raba taki a farkon damina su daina ɗaukar cewa duk manomi mai masara ne. A ware wa masu waken suya da gyaɗa da wake nasu kason na supa ko TSP, ya iso a watan Mayu, domin takin da ake binnewa ranar shuka ba shi da amfani in ya zo a watan Agusta. Masana'antun haɗa taki da suka yawaita a arewa suna da injin da za su haɗa na dangin wake, mai yawan fosfet da ɗan fotash, a ƙananan buhuna na kilo 10 da 25 da mace mai rubu'in hekta za ta iya saya. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 a yi aiki da ita a kasuwanni, don lambar da ke jikin buhu ta zama ita ce a ciki. Kai kuma mai gona, ba sai ka jira kowa ba. A daminar bana ka ware kunya goma a tsakiyar gonarka, ka binne musu supa ranar shuka, ka shafa wa irinsu gari, ka bar goma na kusa da su yadda ka saba. Bayan mako shida ka tono gindi ɗaya daga kowane ɓangare ka tsaga ƙullutan da farce, in kaka ta yi kuma ka auna kowanne da mudu daban.